Ɓaraguzai, Guntun Rodi da Tsohon Kwano: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarkacen Gini da Gyaran Gida

Na daɗe ina tsayawa a kan aikin gini a Kano da kewayenta, tun daga sababbin gidaje a bayan gari har zuwa gyaran gidajen gado a cikin Birni. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu gida da birkiloli da matasa masu koyon aiki suka fi yi mini in aka zo maganar tarkacen da gini ke bari. Abin da nake nanata wa kowa shi ne, tulin nan da ke ƙofar gidanka da kuɗinka aka sayo shi, kuma tun kafin a ɗaga guduma ake sanin ko zai koma aljihunka ko zai zame maka jidali da maƙwabta.

Wai me ake kira sharar gini? Ba ɓaraguzai ba ne kawai?

Ɓaraguzai sun fi yawa da nauyi, amma ba su kaɗai ba ne. Ka tona tulin da ke gaban kowane sabon gini, za ka tarar da fasassun bulo, da kwaɓin da ya bushe ba a yi aiki da shi ba, da guntayen rodi da wayar ɗauri, da katakon da aka ɓamɓare bayan zuba kankare, da ƙusoshi, buhunan siminti, yankakken tayil, guntun bututun roba, gwangwanayen fenti. In gyara ake yi, ga tsohon kwano, silin, ƙyaure, taga, azara da ƙasar bango.

Cakuɗa su ne ke mai da su shara. Guntun rodi shi kaɗai kuɗi ne, fasasshen bulo shi kaɗai ciko ne. Da zarar an haɗa su wuri ɗaya da leda da ledar ruwa da ragowar abincin leburori, babu mai so ko kyauta, sai ka nemi tifa ka biya.

Tsakanin ragewa, da sake amfani, da sayarwa a narke, wanne ne gaba?

Ragewa ce gaba, domin abin da ba ka saya ba ba ka yi asararsa ba. Sai sake amfani da abu yadda yake, ƙyaure ya koma ƙyaure. Na ƙarshe shi ne a fasa ko a narke a yi sabon abu, kamar yadda ake yi wa ƙarfe. Mutane kan fara da na ƙarshen saboda shi ne ke kawo kuɗi a hannu, alhali shi ya fi ƙarancin riba: rodin da ka saya da tsada a Ƙofar Ruwa, in ya koma hannun mai gwangwan a kilo zai saye shi.

Siminti kuwa ba shi da mai saye in ya lalace. Kafin buhu ɗaya mai kilo 50 ya iso wurinka, an gasa dutse a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, an ɗoro shi a tirela daga Obajana ko Ashaka ko Kalambaina ta Sakkwato. Masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Buhun da ya zama dutse a sitonka, duk wannan wahalar ta tafi a banza.

Ta yaya zan rage asara tun kafin a haƙa harsashi?

Tun ran gini, ran zane. Ka gama shawara da iyalinka a kan takarda: ina ƙofa, ina banɗaki, ina za a sa soket, ina bututun ruwa zai bi. Na taɓa tsayawa a kan wani gida inda aka matsar da ƙofar kicin sau uku, duk lokacin da wani ɗan'uwa ya zo ganin gini sai ya kawo tasa. Kowane sauyi ya ci bulo da linta da kuɗin birkila, ya kuma bar tuli. Haka nan gidan da aka yi wa filasta kafin mai wayarin da mai aikin famfo su shiga, sai an dawo ana sassaƙe bango.

Sai ma'auni. Bulonmu, mai inci 9 ko mai inci 6, tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, wato kusan bulo 10 a kowace murabba'in mita. In mai zane ya daidaita tsawon bango da tazarar tagogi da wannan, yankan bulo zai ragu sosai. Rodi yana zuwa da tsawon mita 12. In mita 4 ake buƙata, sanda ɗaya za ta ba da uku cif. In mita 5 ne, kowace sanda za ta bar mita 2, don haka tun farko a rubuta inda waɗannan za su shiga, ko linta ko zoben ginshiƙi. Mai lanƙwasa rodi ya zauna da jerin awo kafin ya ɗauki zarto, ya fara yanka dogaye, gajeru su fito daga ragowa.

A tayil, ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗaki saboda yanka da fashewa, ka kuma ajiye kwali ɗaya. Bayan shekara biyu in guda ya fashe, da wuya ka samu irinsa a kasuwa, kuma rashin guda ɗaya ya sha sa mutane ɓamɓare falo sukutum.

Siminti na yawan zama mini dutse, kwaɓi kuma kullum sai ya yi saura. Ina matsalar?

Danshi ne da gaggawar saye. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. A jera katako a ɗora a kai, kada tsayin jeri ya wuce buhu 10, a rufe da tamfol, a fara amfani da wanda ya riga zuwa. Simintin da ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa ko da bai dunƙule ba. Na san tsoron tashin farashi ne ke sa mutum ya tara buhu ɗari tun bai haƙa rami ba, amma in damina ta same su a kango, asarar ta fi ƙarin farashin.

Kwaɓi kuma a yi shi daidai wanda za a cinye cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, a kan daɓe ko faranti, ba a kan ƙasa ba. Kada a yi babban kwaɓi dab da tashi cin abinci ko sallar Juma'a, kuma kada a yarda a ƙara wa wanda ya fara kamawa ruwa a ce an farfaɗo da shi. Dabarar da nake yi ita ce in sa kafinta ya haɗa ƙananan akwatunan katako guda biyu ko uku a ajiye a gefe. Duk ragowar kankaren yamma a juye a ciki. Kafin a gama gini an tara falalen da za a shimfiɗa a tsakar gida ko bakin famfo.

Tsohon gida zan gyara. Me ya sa ake cewa a kwance, kada a rushe?

Domin mai rushewa da guduma yake farawa, mai kwancewa da sukurdireba. A fara yanke wuta da ruwa. A cire fanka, ƙwayaye, soket, waya, famfuna da kwanon wanka. Sai ƙyamare da tagogi tare da firam ɗinsu, sai silin, sai kwano ɗaya bayan ɗaya ana zare ƙusa, sai katakon rufi. Bango ne ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa. Kowane kaya da kusurwarsa.

Zai ƙara maka kwana biyu ko uku da kuɗin kafinta, amma abin da za ka tsira da shi yakan biya wannan har da ragi. Abu biyu kawai: in silin ko rufin irin tsohon asbesto ne, ka karanta amsar da ke kansa a ƙasa kafin kowa ya hau. In kuma bangon da za a cire yana ɗauke da dakin, wato rufin kankare, ko bim, wato gungumen kankaren da ke tallafe shi, injiniya ne zai ce a taɓa shi, ba birkila ba.

Ɓaraguzan bulo da kankare fa, me zan yi da su?

Ciko. Na ga mai gida ya biya tifa ta kwashe ɓaraguzai ranar Litinin, ranar Alhamis ya biya tifar nan dai ta kawo masa jar ƙasa don cike ɗakuna. Da ya bar su a wurin, da ya huta da biyan farko da rabin na biyu. A farfasa su kada su wuce girman dunƙulen hannu, a zuba hawa-hawa kamar taƙi guda, a watsa yashi ko jar ƙasa ta cike ramukan tsakani, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai kafin a ƙara wani hawan. Suna kuma yi a ƙasan daɓen tsakar gida, da hanyar shigar mota, da cikin ramin da ruwan wanka ke tsanewa.

Kada katako ko leda ko kwali ko buhu su shiga cikon. Katako zai ruɓe ya bar rami, ya kuma gayyato gara, daɓe ya zauna ya tsage. Guntayen POP, wato farar filastar da ake yin silin da ita, su ma a ware su, ruwa na narkar da su kuma sinadarinsu ba ya shiri da siminti. Tsohon kankare da aka fasa ƙanana zai iya maye gurbin tsakuwa a aikin da ba ya ɗaukar nauyi, irin su falale da gefen kwata. A ginshiƙi da bim da dakin kuwa, sabuwar tsakuwa mai tsabta kawai.

Gidanmu na ƙasa ne, na gado. In mun rushe wani sashe, ƙasar da azarar suna da amfani?

Nan ne kakanninmu suka fi mu. Bangon ƙasa ba ya zama shara. A farfasa shi, a jiƙa ya kwana biyu, a tattake da ramno, sai ya koma tubali ko yaɓe kamar ba a taɓa gini da shi ba. Gindin bango da gishiri ya cinye shi ne kawai ba a mayarwa cikin gini, a bar shi wa cikon tsakar gida. Hatta kayan kare bango daga ruwa daga abin da wasu suka zubar ake samo su: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso kuma daga katsin da ake kwashewa a ramukan marina irin na Ƙofar Mata, haɗe da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Sharar marini da ta majemi ita ce rufin asirin magini.

Azara kuwa, don Allah kada a faskara ta a hura wuta. Daga giginya ake tsago ta, itacen da ke shekaru da yawa kafin ya isa sara, kuma gara ba ta samun ta da sauƙi. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon rufin Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. A wani gida da muka gyara a cikin Birni, mun sauke rufin soron da mai gidan ya ce kakansa ne ya gina. Na sa wuƙa na kankare bakin wata azara, baƙa wuluk saboda hayaƙin shekaru. Ƙasa da baƙin nan sai ga jijiyoyinta a tsaye, wuƙar ma zamewa take yi. Cikin kusan sittin, bakwai kawai muka ware, waɗanda bakinsu ya sha ruwa a gefen indararo. Sauran suka koma rufin zaure. Ka ƙwanƙwasa kowace: mai lafiya tana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓiya amonta a dushe yake.

Kafin ma a kai ga rushewa, a tambayi kai ko ginin zai iya wani aikin. A Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, da jama'a suka buƙaci babban masallaci, ba a rushe tsohon na ƙasa ba. An gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka zana aikin, aka kammala a 2018.

Akwai masu sayar da tsohon rodi da aka miƙe, da araha. In saya?

Don dakin, ko ginshiƙi, ko bim, ko matakala, a'a. Rodin da aka fasa kankare aka zaro shi, an lanƙwasa an kuma miƙe da guduma, ya yi rauni a duk inda ya taɓa lanƙwashewa. Tsatsa ta rage masa kauri, in kuma daga gidan da ya yi gobara ya fito, wuta ta riga ta canza shi. Ido ba ya ganin wannan, kuma waɗanda za su kwana a ƙarƙashin dakin ɗin 'ya'yanka ne.

Amma yana da wurinsa: ƙarfen taga, shingen garke, rumfar kaji, turakun lambu, ragar bakin kwata. Guntayen sabon rodi da suka rage a wurin aikinka kuwa lafiyarsu ƙalau, kamar yadda aka faɗa a amsar rage asara tun farko.

Katakon da aka zuba kankare da shi da na tsohon rufi fa?

Katakon kankare yana iya aiki sau da dama in an shafa masa mai kafin zubi, an cire shi a hankali, an kankare shi, an zare ƙusoshi, an jera shi a kwance a inuwa. Sa yaro ɗaya ya zauna da guduma da bokiti yana zare ƙusa ya fi kuɗin allurar wanda ya taka ta. In kun gama, akwai masu gini da ke saye ko haya, haka ma gorar tokare dakin. Tubaitu da tubaifo, wato katako mai inci 2 da 2 da mai inci 2 da 4, na tsohon rufi, in gara ba ta shiga ba, sun ma fi sabon ɗanyen katako zama lafiya don sun gama bushewa. Guntaye su zama benci, kujerar tsugunno, akurki.

Wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, ko mai fenti, ko falankin da aka manne da gam, kada ya shiga murhu. Kada a ba mai waina ko mai ƙosai ko gidan burodi. Hayaƙinsa guba ne ga mai girki, tokarsa ma haka.

Ina son sayen ƙofofi, tagogi da kwano na hannu. Me zan duba?

A Kano ana samu a wajen Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Dei-Dei. Ka saya kafin birkila ya bar gurbin ƙofa da taga, gurbi ya bi kaya. Ƙyauren ƙarfe a duba ƙasansa, nan tsatsa ke fara ci. Kwano a ɗaga shi sama da rana a ga huda. Mai ramukan ƙusa da yawa ya fi dacewa da rumfa, shinge ko ɗakin dabbobi. Tsohuwar wayar wuta da na'urar yanke wuta kam ba na ba da shawarar saye, gobara da yawa daga nan take tashi. Kuma ka tambayi asalin kaya, dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Yaya zan sayar wa 'yan gwangwan ba tare da an kwashe ni ba?

Ka ware kafin su zo. Ɗan maganaɗisu ya isa: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, mafi araha. Abin da bai kama ba, irin su jan ƙarfen waya, kan famfo na tagulla da alminiyam ɗin taga, farashinsa ya ninka. In ka bar su a haɗe, a kuɗin baƙin ƙarfe za a auna duka. Ka ji farashi a wuri biyu, ka tsaya a kan sikeli da kanka. In kana shakkar sikelin, ɗora masa buhun siminti da ba a buɗe ba ka ga ko zai nuna kilo 50. Mita ɗaya ta rodi mai milimita 12 kuma ta kusa kilo ɗaya, kaɗan ya rage, sai ka yi kiyasi tun kafin a auna.

Mutanen nan aiki suke yi mai amfani, ba su cancanci wulaƙancin da ake musu ba. Ƙarfen da suke tarawa shi ake lodawa zuwa masana'antun narka ƙarfe a Legas da Ogun ya dawo sabon rodi, alminiyam kuma maƙera na zuba tukwane da shi, kuma narka tsohonsa bai fi kashi 5 cikin 100 na wutar da ake ci wajen yin sabo ba. Sai dai ɓata-gari sun shiga sana'ar, masu cire murfin kwalbati da wayar gwamnati. Gwamnatin Borno ta hana jari-bola a 2023, hukumar Abuja ma ta ɗauki irin wannan mataki a farkon 2025. Don haka ka san dokar garinku, ka yi ciniki da mai shago sananne, da rana, kana tsaye.

Ragowar kaya na waye, mai gida ko ma'aikata?

Na wanda ya saya ne, sai abin da ya yafe. Amma rashin faɗa tun farko ya ɓata tsakanin mutane da yawa. A wurare da dama an saba leburori su ɗauki buhunan simintin da aka juye da guntun katako, kuma ni ina ganin kyautatawa ce a bar musu. Rodi da waya kuwa gara a ce na mai gida ne, a faɗa a gaban kowa ranar farko. Ba zargi ba ne. In guntun rodi na mai yanka ne, ka sa shi a tsaka mai wuya, domin duk yankan da ya yi da kyau ya rage wa kansa. Ya fi ka ce masa, “Malam, in guntaye ba su wuce kaza ba, akwai tukuicinka.” In ɗan kwangila ne zai rushe, a rubuta ko kayan da aka cire suna cikin ladansa, da kuma inda zai kai abin da ya rage.

An ce tsohon silin da rufin asbesto na kashe mutum. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ce amsar da na fi so a karanta. Asbesto wani ma'adini ne mai siraran zaruruwa da aka riƙa haɗawa da siminti ana yin silin da rufi mai tudu-da-kwari da bututu. Makarantu da gidajen ma'aikata da yawa na da can da shi aka rufe su. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. In aka fasa, ko aka yanka, ko aka huda, zaruruwan na tashi cikin ƙura, su shige huhu su zauna. Ciwon, wato taurin huhu da sankara, yakan bayyana bayan shekara 20 zuwa 40, lokacin da leburan da ya fasa ya manta ma da aikin. Ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi.

Ana yin irin wannan silin yanzu ba da asbesto ba, amma ido ba ya rarrabewa, don haka duk tsoho a ɗauke shi a matsayin mai shi. In bai lalace ba, a bar shi a shafe shi da fenti. In dole ne a cire, a fitar da iyali, a jiƙa shi sharkaf, a zare ƙusa a sauke shi ɗungurungum, ba jifa ba. Ba zarto, ba injin yanka, ba shara da tsintsiya a bushe, sai goge da jiƙaƙƙen tsumma. Masu aikin su sa takunkumi mai tace ƙura na gaske, ƙyalle ko rawani ba ya tarewa, kuma kada su koma gida da kayan jikinsu yara su rungume su. A naɗe shi cikin leda mai kauri ninki biyu, a tambayi hukumar muhalli inda za a binne.

Ba ya cikin kayan da ake sake amfani da su. Kada ya shiga cikon da aka yi bayani a sama, kada a sayar, kada a ba maƙwabci ya rufe akurki. Na ga yara na wasan 'yar carafke da gutsattsarinsa a kan bola, har yau abin na damuna.

Ni uwa ce, ana gyara muna cikin gidan. Ƙurar tsohon fenti da bokitan fenti suna da illa ga yara?

Hajiya, suna da ita. Tsofaffin fentin mai, musamman rawaya da ja masu haske na ƙofofi da ƙarafan taga, da yawansu akwai dalma a ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, sanadiyyar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma ba ta gyaruwa. Ki sa a jiƙa wuri kafin a kankare, a shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashin, kada a ƙona fenti da wuta don ya saki. Yara da mai juna biyu su bar sashen har a goge da ruwa, a kuma wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

Bokitin fentin ruwa, in an wanke shi tas, ya yi wanki, shara ko shuka. Kada ki zuba ruwan sha ko kunu ko gero a ciki. Ragowar fenti a rufe shi gam a ba masallaci ko makarantar unguwa. Ɗan kaɗan da ya rage a gindin gwangwani a bar shi ya bushe kafin a yar, ba a juye a kwata ba.

Ba zai fi sauƙi in tara leda da buhu da guntun roba in cinna musu wuta ba?

Zai fi sauƙi, amma hayaƙin bututun roba da rigar waya na daga mafi munin abin da mutum zai shaƙa, kuma gidan maƙwabci zai shiga. Masu ƙona waya don fitar da jan ƙarfe kansu suke fara cuta, a feɗe ta da wuƙa ya fi, ta ma fi daraja a sikeli. Buhunan siminti na leda ana kakkaɓe su a ɗinke su zama shimfiɗar shanya yashi ko rufin kaya, roba mai tauri kuma masu niƙa roba na saye. Buhun siminti dai, na takarda ko na leda, kada a naɗe tsire ko wani abinci da shi.

Abin da ya rage bayan duk wannan, ina zan kai shi? Ba zan iya zubawa a kududdufi ko bakin kwata ba?

A lungunmu wani ya bar tulin ɓaraguzai da yashi a bakin kwata, kullum gobe za a kwashe. Ruwan Agusta ya sauko da tsakar dare, tulin ya zame ya toshe kwalbati. Kafin asuba ruwa ya shiga gida uku. Da gari ya waye na tarar da wata tsohuwa zaune a kan turmi, ƙafarta cikin ruwa, tana kallon bangon ɗakinta na ƙasa da ya zauna. Kuɗin tifa ɗaya ne ya jawo wannan. Kududdufai kuma, da daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina Birni, su ne ke shanye ruwan sama. Duk wanda aka cike, ruwansa gidajen mutane zai nema.

Akwai doka. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine a 2011. A jiha kuma, Kano na da REMASAB ta shara da KNUPDA ta tsara gini, Kaduna na da KASUPDA ta tsara gini, Abuja na da AEPB ta kare muhalli. Ka tambaye su wurin zubarwa da aka amince. Kafin nan ma, ka sanar a masallacin unguwa ko wurin mai unguwa cewa kana da ɓaraguzai masu tsabta, da wuya a kwana biyu wani mai neman ciko bai turo baro ba. In ka ɗauki mai tifa, ka san inda zai juye, domin wasu da sun sha kwana suke zubarwa a filin mutane.

Akwai tsohuwar rijiya da tsohon masai a gidan. Zan iya cike su da ɓaraguzan?

Za ka iya, da sharaɗi. Fasassun bulo, kankare, dutse da ƙasa kawai. Ban da asbesto, gwangwanin fenti, batir, baƙin mai ko leda, musamman a rijiya, domin ruwan da ke ƙarƙashinta shi ne na rijiyar maƙwabcinka da burtsatsen unguwa. Masai a fara sa masu kwasa su kwashe shi. Kada kowa ya shiga ramin don gyara zubi, iskar da ke taruwa a irin waɗannan ramuka tana sumar da mutum nan take, ta kuma kama wanda ya bi shi ceto.

A zuba kaɗan-kaɗan ana haɗawa da ƙasa da ruwa don ya zauna, mita ta ƙarshe a cike da jar ƙasa zalla a daddaɓe. Zai ci gaba da nitsewa, don haka a bar shi damina ɗaya ta wuce a kansa, a ƙara ciko, sannan a rufe da murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin ramin ta kowane gefe. Kada harsashi ko ginshiƙi ya hau wurin sai injiniya ya gani ya tsara yadda za a tsallake shi. Ka kuma sa alamar wurin a jikin zanen gidan, ka nuna wa manyan 'ya'yanka da hannu, domin wanda zai ƙara ɗaki a nan bayan shekara 30 ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.